Yatsan Baba

Shafi na 14

Masu zagin Hidde a ƙasan shafin da ya wuce, duk na ga saƙonninku. Ban ce ku daina ba. Ku dai rage kaɗan, don yau ma za ku buƙata.

*

"Mama, ina so in ɗan zauna da Baba. Ni kaɗai."

Mama Antje ta ajiye wuƙar da take yanka burodin sukari, ta ɗago ta dubi ɗan autanta. Idanunta sun kumbura, amma ta yi ƙoƙarin yin murmushi. Ta kai hannu ta shafa kumatunsa kamar ba mutum mai shekara arba'in ba.

"Je ka, Hidde. Ba wanda zai dame ku."

Ta juya wajen maƙwabtan da suka cika kicin, kowa da kofin kofi a hannu.

"Don Allah a ɗan dakata da shiga. Yaron nan zai yi sallama da babansa."

Wata tsohuwa daga bakin taga ta girgiza kai.

"Allah sarki. Shi ne bai same shi da rai ba ko?"

Hidde bai juyo ba. Ya wuce ta tsakanin jiƙaƙƙun rigunan ruwan da aka rataye a soro, ya tura ƙofar falon gaba, ya shiga, ya mayar ya rufe a hankali.

Ɗakin ya yi sanyi. An ja labule, an kashe abin ɗumama ɗaki, ba a jin komai sai ƙugin injin sanyin da ke ƙarƙashin gadon. Baba Folkert yana kwance cikin shuɗiyar kwat ɗinsa ta zuwa coci, an taje masa gashi, an haɗa masa hannuwa a kan ciki. Gobe za a fita da shi.

Ya rame. Mutumin da yake ɗaga injin kwalekwale shi kaɗai, yau kwat ta yi masa yawa.

"Baba," in ji Hidde.

Muryarsa ta fito wani iri. Ya yi gyaran murya, ya waiga ya dubi ƙofa.

Sai ya zura hannu a aljihun ciki ya zaro wayar Baba.

Tun ranar da ya iso daga birnin Utrecht ya ɗauke ta daga durowar gefen gadon iyayensa. Ba wanda ya gan shi. Tun daga ranar yake fama da ita a ɓoye, a banɗaki, a mota, a bayan gida. Ya gwada ranar haihuwar Mama. Ya gwada ranar aurensu. Ya gwada lambar gida, lambar tsohuwar motar Baba, har ranar haihuwar yayarsa Renske. Duk sanda ya kuskure, wayar ta ce ya jira, jiran kuma kullum ƙara tsawo yake.

Shi ne fa ya fara nuna wa Baba bitkoyin, kuɗin nan na intanet, shekaru da yawa baya, a teburin cin abincin Kirsimeti. Shi ya sayar da nasa tun da wuri ya sayi mota. Tsohon bai ce komai ba, ashe ya riƙe nasa, yana ma ƙarawa kaɗan kaɗan daga kuɗin gyaran inji. Ba wanda ya san abin ya taru haka sai da ciwo ya kwantar da shi. Kuma kuɗin nan ba irin na banki ba ne da za ka je da takardar mutuwa a buɗe maka. In makullin sirrinsu ya bi mai shi kabari, shi ke nan. Hidde kuwa ya tabbata a wayar nan suke.

Abin da Hidde yake ta faɗa wa kansa ke nan. Don iyali yake yi. Don Mama.

Akwai ɗaya dalilin da ba ya son dubawa. Renske tana zaune layi ɗaya da gidan nan. Ita ta yi jinya. Ita ke da makullin ko'ina. Yana tsoron ko ta riga shi.

Ya matsa kusa da gadon.

"Ka yi haƙuri, Baba. Minti ɗaya ne."

Ya kama hannun dama. Sanyin ya ratsa shi har kafaɗa. Yatsun sun sarƙe da na hagu, sun ƙi rabuwa, sai da ya sa ƙarfi. Wani ɗan sauti ya fito daga gaɓar.

Farcen babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, kamar an buge shi da wani abu mai nauyi. Hidde ya kau da ido, ya danna yatsan a jikin wayar.

Ta yi ɗan kaɗawa. Ta ƙi.

Ya sake.

Ta ƙi.

Ya san ba za ta karɓa ba. Wayar ma ta rubuta ƙarara, lambar sirri take so. Amma hannunsa ya ƙi saki. Ya tuna ya taɓa karanta cewa sanyin fata ne ke hanawa. Sai ga shi ya sa yatsan mahaifinsa tsakanin tafukansa yana murzawa, yana hura masa iskar baki, kamar yadda Baba yake yi masa suna yara in sun dawo daga kan ƙanƙara.

Da wannan tunanin ya faɗo masa, ya ji fuskarsa ta ɗauki zafi. Amma bai daina ba.

Ya sake dannawa. Ta ƙi.

Saura lamba ɗaya da bai gwada ba. Ranar haihuwarsa shi kansa. Ya yi ta kauce mata, don yana tsoron abin da zai ji in ba ita ba ce. Ya maƙale hannun Baba a hammatarsa don kada ya faɗi, ya shiga danna lambobin.

Fuskar wayar ta yi baƙi.

A daidai nan ƙofa ta buɗe.

"Mama ta ce in ajiye maka kofi a bakin..."

Renske ta tsaya da faranti a hannu.

Ta dubi fuskarsa. Ta dubi wayar. Ta dubi hannun Baba a hammatarsa.

Ta shigo, ta tura ƙofar da ƙafa, ta ajiye farantin a kan kujera a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi wani daga barci.

"Sake shi."

"Renske, tsaya ki ji..."

"Na ce sake masa hannu."

Ya saki. Hannun ya sauka a gefen gadon, ya tsaya a karkace, yatsu a buɗe.

"Mayar da shi yadda ka same shi."

Hidde ya jefa wayar a aljihu, ya sunkuya. Ya ɗora hannun a kan cikin, ya zame. Ya yi ƙoƙarin sarƙa yatsun, suka ƙi shiga. Zoben aure ya juya. Hannun rigar ya tattare. Gumi ya keto masa a cikin wannan sanyin.

"Matsa," in ji ta.

Ta durƙusa. Ta miƙar da hannun rigar, ta gyara zoben, ta mayar da yatsun ɗaya bayan ɗaya tana magana ƙasa ƙasa.

"Yi haƙuri, Baba. An gama. Ba wanda zai ƙara taɓa ka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta miƙe, ta share ido da bayan hannu. Magana take cikin raɗa saboda mutanen kicin, amma kowace kalma tana isa.

"Ni na wanke shi. Ni da matar nan mai shirya gawa. Ni na haɗa masa hannun nan. Mama ta hana mutane shigowa, tana can tana gaya musu ɗanta yana kuka."

"Ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne? Duba masa jini kake?"

"Kin san in kuɗin nan suka ɓata ba mai dawo da su. Ba banki ba ne, ba wanda za a kai wa kuka. Dole wani ya yi tunani da kai, ba da zuciya ba."

"Oh. Kai ne mai kan."

"Don Mama nake yi."

"Kada ka sa sunan Mama a wannan ƙazantar."

Ya ji zafin maganar, kunyar ta juye ta zama faɗa.

"To ke me ya sa ba ki damu ba? Tun da na zo ba ki ce uffan a kan kuɗin ba. Ko sau ɗaya. Mutum ba ya yin shiru haka sai in ya san inda suke."

Renske ta tsura masa ido.

"Ƙarasa."

"Ni ban ce komai ba."

"A'a, ƙarasa mana. Ga shi nan kwance, faɗa a gabansa. Ka ce na kwashe."

Hidde ya sunkuyar da kai.

"Ke ce a kusa," ya ce. "Ni ina can ban san me ake ciki ba."

"Ni ce a kusa." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni ce a kusa da bokitin amai. Ni ce a kusa da motar asibiti. Lallai na ci riba."

Daga kicin aka ji ana dariya, wani yana ba da labarin ranar da Folkert ya faɗa ruwa da injin a hannu ya ƙi sakinsa. 

Renske ta ja kujera ta zauna. Ta gaji, a fuskarta ake gani.

"Na so in bari sai an binne shi. Haka ya ce. Amma tunda ka kasa jira, zauna ka ji."

Bai zauna ba. Ya jingina da bango.

"Babu ko sisi a wayar nan."

"Me?"

"Bai taɓa sa su a waya ba. Kai ka koya masa ma. Kai ka ce masa waya ana sacewa, ana kutse, kada ya kuskura. Ya riƙe maganarka. Kai ne ka manta."

Ta ɗaga yatsu uku.

"Makulli uku ya yi. Kowanne kalmomi ne, ya buga su a jikin allon ƙarfe, don kada wuta ko ruwa su ci. Ɗaya ba ya buɗe komai, sai an haɗa biyu. Ɗaya yana wajen lauyansa a garin Sneek, shi kuma ba zai fito da shi ba sai ya ga takardar mutuwa, ya kuma gan mu mu biyu zaune a gabansa. Ɗaya yana wajena."

"Na ukun fa?"

"Naka ne."

"Ni ba a ba ni komai ba."

"Ba ka zo ka karɓa ba."

Ta nuna bayan gida da haɓa.

"Yana gareji. A akwatin ƙarfensa, naɗe cikin tsumma, da sunanka a jiki. Tun bazara yake jiranka."

Hidde ya dubi inda ta nuna.

Tun bazara.

Ya tuna kiran. Muryar Baba, mai gajarta magana kamar ana cajinsa kuɗi kan kowace kalma. Hidde, in ka samu Asabar ɗaya ka zo, akwai abin da zan nuna maka a gareji. Shi kuwa ya ɗauka wani tsohon inji ne za a sa shi ya riƙe fitila. Ya ce aiki ya yi yawa. Da aka sake kira, ya ce yana atisayen gudu. Da aka sake, yana birnin Lisbon da abokai, ya turo hoton kifi a faranti.

"Ai da sai ya faɗa min ko mene ne," ya ce. Shi kansa ya ji raunin maganar.

"A waya? Baba? Mutumin da ko lambar asusunsa ba ya faɗa a waya?"

"Ke fa? Ai kina da lambata."

"Ya sa na yi masa alkawari. Na ce Baba, bari in gaya masa maganar kuɗi ce, ka ga ko gobe yana nan. Ka san me ya ce?"

Ta juya ta dubi Baba.

"Ya ce shi ya sa ba za a faɗa ba."

Injin sanyi ya ci gaba da ƙugi. Ruwa yana dukan gilashin taga.

"Duk Asabar sai ya sa Mama ta sayo kyafaffen kifin nan da kake so. In yamma ta yi ya ce yaron yana da aiki, a ba maƙwabta. Bai taɓa cewa ka yi laifi ba. Ni ce mai zaginka, shi yana hana ni."

"Ban san ciwon ya yi nisa haka ba."

"Na rubuta maka."

"Kin ce yana jin jiki. Ba ki ce..."

"Me kake so in ce? Zo, Baba zai mutu ranar Talata?"

Ta miƙe, ta je bakin gadon, ta nuna babban yatsan ba tare da ta taɓa ba.

"Da kake murza shi, ka ga farcen?"

Ya gyaɗa kai.

"Nawa da na lauya, ni na riƙe masa ƙusar buga haruffa a allon ƙarfen yana bugawa, don hannunsa ya fara rawa. Da aka zo naka ya ce in fita. Ya ce ba daidai ba ne in ga kalmominka, kamar yadda kai ba ka ga nawa ba. Shi kaɗai ya yi. Ina tsaye a waje ina jin guduma, ya buga ya huta, ya buga ya huta. Ya wuni a kai. Da ya fito yatsan nan yana jini, yana ta murmushi kamar ya ci gasa."

Hidde ya zame a jikin bango har ya kai ƙasa.

"Makullin garejin yana jakata," ta ci gaba. "Na akwatin ma. Da ina son kwashewa, da na haɗa naka da nawa tun kafin ganye ya zube. Ko tsumman ban ɗaga ba."

"Renske..."

"Kada ka ba ni haƙuri. Ba yanzu ba. In ka ba ni yanzu zan mare ka, Mama ta ji."

Ya rufe fuska da tafukansa. Warin man da aka shafa wa gawar yana hannunsa. Ya yi sauri ya sauke su, ya rasa inda zai sa su.

Ta daɗe tana kallonsa. Da ta sake magana, muryar ta ɗan sauka.

"Ga abin da za a yi. Ba wanda zai ji wannan. Ba don kai ba, don ita. Za ka wanke fuska, ka fita, ka sha kofi da mutane, ka bar su su rungume ka. Ni zan lallaɓa sama in mayar da wayar durowa kafin ta neme ta. Kawo."

Ta miƙo hannu.

"Don me za ta neme ta? Kin ce ba komai a ciki."

"Na ce ba kuɗi. Ban ce ba komai ba."

Ya ɗago.

"Muryarsa ce a ciki," in ji Renske. "Da likita ya ce ciwon zai kama maƙogwaro, sai ya fara ɗaukar magana. Duk sanda Mama ta fita cefane sai ya rufe ƙofa ya yi ta yi. Mutumin da bai iya haɗa jimla uku a jere ba. Akwai na Mama, da yawa. Akwai nawa. Akwai naka. Akwai wanda ya ce a saka gobe a coci, wai ba ya son kowa ya tashi ya yi masa ƙarya."

"Kin ji su?"

"Ba wanda ya ji. Mama ta ce ba za ta iya ba tukuna. Ita kaɗai ta san lambar."

"Mama ta san lambar?"

"Tun ranar da ya sayi wayar. Da ka tambaye ta da ta faɗa maka, har ta tambaye ka ko ka ci abinci."

Ta kaɗa yatsu.

"Kawo mana."

Ya sa hannu a aljihu. Wayar ta yi ɗumi. Ya zaro ta, ya tuna yadda fuskarta ta yi baƙi.

"Akwai su a wani wuri ko? Ya tura su kwamfuta, ko..."

"Baba? Ya ce muryarsa ba za ta kwana a injin wani kamfani ba. Me ya sa kake tambaya?"

Ya dubi wayar da ke hannunsa.

Fuskarta ta canza.

"Hidde. Yatsan kawai ka gwada ko?"

Ta matso kusa da shi.

"Ka gwada lamba?"

"Kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

"Ban ƙirga ba. Tana cewa in jira, in na jira sai in..."

"Tun yaushe?"

"Tun da na zo."

Ta dafe ƙirji.

"Baba ya saita ta. Ya nuna min da kansa, yana alfahari. In aka yi ta kuskuren lamba, sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta fizge wayar daga hannunsa, ta danna gefenta.

Fuskar ta kawo haske, fari tas. Babu hoton Mama a kan kwalekwale da ya saba fitowa. Babu wurin sa lamba. Kalma ɗaya ce a tsakiya, tana gaisuwa, tana juyawa daga wannan harshe zuwa wancan, irin ta sabuwar waya da aka ciro daga kwali.

Renske ta shafa. Wayar ta ce a zaɓi harshe.

Ta kashe, ta kunna. Ta ce a zaɓi harshe.

"A'a," ta ce. "A'a, a'a, a'a."

"Ana iya dawo da su." Hidde ya taso da sauri har ya bugi kujera, kofin ya tuntsire a faranti. "Akwai masu yi. Na san wani a wajen aikinmu, ko nawa ne zan biya..."

"Yi min shiru."

"Na rantse ban sani ba, Renske, da na sani..."

"Na ce ka yi min shiru!"

Wannan karon ba raɗa ba ce. Hayaniyar kicin ta ɗauke ɗif.

Renske ta toshe bakinta da hannu. Hawaye suna zuba ta tsakanin yatsunta. Ta dubi Baba, ta kau da kai kamar ita ce ta yi laifin.

Hidde yana tsaye, hannuwa a sake. Akwai naka, ta ce. Baba ya zauna a ɗakin nan, da maƙogwaro mai ciwo, ya yi masa magana. Ko faɗa ne, ko yafiya ce, ko labarin inji ne kawai, ba zai taɓa sani ba. Shi da yatsan kansa ya goge.

Aka ji takun silifa a soro. A hankali, ana jan ƙafa ɗaya.

Ƙwanƙwasa biyu.

"Yara? Lafiya?"



Ƙofar ta buɗe kaɗan, Mama Antje ta leƙo. Ta ga fuskar 'yarta jiƙe, ta ga ɗanta fari fat kamar takarda, sai nata idon ya ciko.

"Allah sarki 'ya'yana. Ku yi kukanku, ba komai. Gara ku yi tare." Ta shigo ta rufe ƙofar. "Ya so ya gan ku haka, ku biyu a ɗaki ɗaya."

Hidde ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Fasto ce ta zo," in ji Mama tana share ido da gefen rigar girkinta. "Tana so ta tafi da maganar babanku, su gwada a lasifikar coci kafin gobe. Na ce to, amma ni zan fara ji. Ba zan ji muryar mijina a karon farko a gaban mutane ba. Na hau sama, na buɗe durowa, ban..."

Idonta ya sauka a hannun Renske.

"Au, ga ta ma. Kin riga ni." Ta yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Kin tsorata ni. Kawo, mu ji a nan, kusa da shi. Ina ganin yanzu zan iya."

Renske ba ta motsa ba.

Mama ta matso da kanta ta zare wayar daga hannunta. Ta ɗaga tabaraunta da ke rataye a wuya ta saka. Ta kai yatsa za ta danna lambar, yatsan ya tsaya a iska.

"Ina hoton?"

Ta matso da wayar kusa da idonta.

"Me take cewa in zaɓa? Renske, ina wurin lambar?"

"Mama, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Ina maganar babanku?"

"Ta goge, Mama." Da ƙyar maganar ta fito daga bakin Renske. "Komai ya goge. An yi ta sa lambar da ba ita ba."

Mama ta dubi wayar. Ta dubi mijinta. Ta dafa ƙarfen gadon, ta tsaya har numfashinta ya dawo. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi magana, muryar a daidaite take, irin wadda suka sani tun suna yara.

"Wa ya taɓa ta?"

Hidde ya buɗe baki. Ya ji kalmar tana nan a maƙogwaro, ƙarama, ni ne, amma ta ƙi hawowa.

Renske ta dube shi. Ta jira. Ta ƙara jira.

Sai ta share fuska, ta gyara tsayuwa.

"Ni ce, Mama. Na ɗauka na tuna lambar."

Mama Antje ba ta ko kalli inda take ba. A hankali ta cire tabaraun, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ɗanta.

"Hidde," ta ce. "Dube ni. Haka aka yi?"